Kwana Tara a Gidimuni

Motar asibiti ce a da, kafin ta gaji.
Lawali ya saye ta a gwanjo,
ya cire gadon marasa lafiya ya sa namu,
ya kafa kantar tukwane,
ya yi labule da tsohon zanena mai ruwan ganye.
Maƙwabta suka ce tsufa ya fara taɓa shi.
Ni dai na ɗaure kayana na shiga.

Daga Damagaram muka miƙi hanyar gabas,
butar shayi tana kaɗa ganga a bayana.
Jandarman shinge ya leƙo, ya ga katifa da murhu,
ya ce, “Baba, ƙaura ce?”
Ya ce, “A'a, gidan ne ya nace sai ya raka mu.”

A bakin tafki muka kashe inji.
Kwaɗi suka karɓi aikinsa har asuba.

Da hantsi garka-garka muke bi.
Mutari ya zubo dabinon kan tudu a faifai:
“Kada ku tauna. Ku bar shi ya narke,
can ƙarshe za ku ji kamar zuma ta kama tukunya.”
Maƙwabcinsa Ɗanjimma ya yi tsaki ta kan darni,
ya miƙo nasa na kwari,
wai saiwarsa tana shan ruwa mai ɗan kanwa,
shi ya sa zaƙinsa yake da kunya.
Shekara ashirin suna wannan gardama,
rijiya ɗaya suke ja.
Wata tsohuwa ta fere mana rake, ba ta yabi komai ba,
kuma nata ne har yau nake tunawa.
Lawali yana rubuta duka
a littafin da yake rubuta kuɗin mai.

Da la'asar sai sandar ta fito daga ƙarƙashin gado,
ƙarfe mai lanƙwasasshen kai.
Yana yaro a Yamai ya yi dakon jakar irinsu,
shekara huɗu yana bin bayan masu wasan golf,
ba wanda ya taɓa ce masa, “Gwada.”
Yanzu ya binne gwangwanin tumatir a rairayi,
ya kafa kara da jan tsumma,
ya auna taku ɗari da goma,
yaran garka suka jeru kan dutse suna cin rogo.

Ni ce mai ƙirga.
Tun bara hannunsa na dama yake rawa,
shayi ma rabin kofi nake zuba masa.
Bugu tara, in ce shida.
Ya sani.
Mutumin da yake ƙirga mini canjin gishiri
bai gyara mini wannan lissafi ba ko sau ɗaya.

Rana ta bakwai ya yi bugun da ya fi ƙarfinsa.
Farar ƙwallon ta tashi, ta haye kan dabinai,
ita kaɗai gare mu.
Muka tona ciyawa har magariba,
ƙaya ta ci ƙafata, na yi masa faɗa,
ya zauna a ƙofar mota bai ci tuwo ba.

Washegari Barira, ƴar Mutari, ta zo da gudu,
ta ja shi bayan rumbu:
ga kaza ta baje fiffike a kan ƙwai takwas,
na tara mai ƴan ramuka a jiki.
Ya tsuguna ya daɗe yana kallo.
Na ce, “Ɗauko mana.”
Ya ce, “Bar ta. Ta shiga rami da bugu ɗaya,
rubuta.”

Na rubuta: ɗaya.
Wannan karon ban rage komai ba.

Mun dawo da dabino tiya uku,
na tudu da na kwari sun gauraye a buhu guda,
ba mai iya raba su.
Motar tana ƙofar gida, awaki suna kwana a inuwarta.
Jiya na same shi a ciki da labule a sake,
yana lissafin kwana ashirin da ɗaya.