Mai Juyi da Mai Rawa

Ran Laraba na kulle gareji a Tal'udu,
hannuna fari fat da ƙurar sanfefa,
kuɗin adashin wata shida a aljihun gaba,
na nufi Ƙofar Ruwa.

Ikenna ya jera min su a kan kwali,
injin goge fenti guda uku.

Na farko ja ne, nauyinsa kamar taɓarya,
juyi ɗaya ya sani, ba ya waiwaye.
"Wannan, maigida, kafin la'asar ka gama mota biyu."
Na ce na san shi.
Shekara tara ke nan, ina yaron Malam Rabilu,
na ɗora irinsa a gefen ƙofar Marsandin wani likita,
mai rake ya gifta, na ɗaga kai,
ƙiftawa ɗaya,
fenti ya ƙone, fari ya leƙo kamar ƙashi.
Malam bai mare ni ba.
Cewa ya yi: "Sunkuya ka sansana."
Har gobe ƙaurin yana hancina.

Na biyu ba ya tafiya a miƙe,
yana juyi yana rawa,
kamar rariya a hannun mai tankaɗe.
Ba ya zafi, ba ya gaggawa,
kuɗinsa ne kawai ke da zafi.

Na uku ɗan gwanjo,
an ɗaure wayarsa da salatif wuri biyu.
Da aka jona shi sai ya yi tari, ya yi shiru,
Ikenna ya buge shi a ƙeya, ya farka.
Araha, na ce, ba ni da kuɗin sayenki sau biyu.

Da motar haya ce ke jirana, da ja na ɗauka.
Amma Fijon Baba ce, shuɗiya,
shekara huɗu tana ƙarƙashin darbejiya a Gwammaja,
tsuntsaye sun yi mata rubutu,
rana ta lashe bayanta har ya zama toka.
Yaya Jazuli ya ce a kira 'yan gwangwan su auna.
Na ce a ba ni mako ɗaya.
Fentin da ya saura mata bai kai ɓawon albasa ba,
irin wannan lallashi yake so.

Na taya, ya ce albarka.
Na juya, ya kira ni.
Muka haɗu a tsakiya, kowa yana kukan an cuce shi.
Ya ɗora min soso biyu gyara,
rawaya na cin dauɗa, baƙi na fito da ƙyalli.
Gashin tunkiyar na bar masa, ya cika ci.

Bayan isha'i aka kawo wuta.
Ɗigo huɗu a kan soso,
na kwantar da shi a bonet kafin in kunna,
yadda Malam ya koya min.
Hagu, dama, sama, ƙasa,
ban danna ba, nauyinsa ya ishe shi.
Tokar ta soma janyewa,
shuɗi ya taso daga ƙasa
kamar ruwan rijiya in laka ta kwanta.

Na sa tsumma na share, na leƙa.
Goshin nan mai layi uku,
ban san yaushe na gaje shi ba.

Sai ɗif, suka ɗauke.
Rabin bonet sabo, rabi tsoho,
ni da inji muna huce zafi a duhu.
Daga zaure Inna ta ce:
"Bar ta haka, gobe ma rana ce."