Rabon Iska

Rufin gidanmu na tsinto shi a gonar ayabar Hesketh,
can ƙasan Marigot, a naɗe kamar tabarma.
Ƙusoshin babana na nan jikin kwanon,
ko ɗaya ba ta lanƙwashe ba.
Zare su kawai guguwar ta yi,
yadda ake zare ƙaya daga diddige.

Shekara talatin yana kafinta a tsibirin Dominika,
bai taɓa yi wa katako ƙarya ba.
Gara da ya riga wannan daren tafiya.

Yanzu ni ke bisa tsani.
Na ajiye guduma, sukurori nake murɗawa,
kowane tafin hannu guda.
Kowane katako na ɗaure wuyansa da ƙarfe zuwa bango,
bangon kuma na kama ƙafarsa da kankare.
Rufin na yi masa fuska huɗu, ya durƙusa,
duk ta inda iska ta zo, kafaɗa za ta tarar.

Sai da na zo datse bakin rufin
Inna Eudora ta ɗago daga kujerarta.
"Alwin, inuwata fa?
Nan nake shanya koko, nan nake ganin jiragen masunta.
Ka gina mini akwati ka ce gida?"

Na ce, Inna, dogon baki shi ne hannun da muka miƙa mata,
ta nan ta kama ta ɗaga.
Ta yi shiru, ta juya wa teku baya.
Kwana biyu ba ta ce in ci abinci ba.

A na uku na kafa mata rumfa daban,
ginshiƙi huɗu, kwano shida,
ta jingina da gidan amma ba su haɗa jini ba.
Tsakaninsu akwai ratar yatsa biyu.
In ta dawo, kuma za ta dawo,
ta ɗauki rumfar ta bar mana ɗaki.

Inna ta zura yatsa a ratar, ta leƙa sama.
"Wato wannan rabonta ne."
Na ce rabonta ne.
"To kar ka ɓata fenti a kai."

Da yamma na tarar ta baza kokonta a ƙarƙashi,
rediyo a cinya, ta rage murya,
tana jiran a gama labarin ƙwallo
a zo kan hasashen yanayi.