Babban Yatsan Tabawa

Ran da na koma Alkaleri daga Bauchi
da waya cike da hotuna masu motsi,
na tarar da Tabawa a gindin tsamiya,
ƙafafu cikin yumɓu har idon sawu.
Na ce, "Kaka, zo ki ga wani ɗan'uwanki."
Ta ce, "Nawa duk ƙasa ta rufe su. Wa ya rage?"

Wani tsoho ne can ƙasar Japan,
kai fari fat, baya ya ranƙwafa,
yana zaune gaban faifai mai juyawa.
Na riƙa tsinto mata abin da ake faɗi:
shekara goma ya yi a gidan maigidansa
ba a bar shi ya gina ko kasko ba,
sai kwaɓi, sai shara, sai faskare.
Ta ce, "Goma kacal?"

Tanderunsa ya miƙe a gangare
kamar mesa ta ƙoshi ta kwanta.
Kwana bakwai wuta na ci,
kwana bakwai bai runtsa ba.
Da aka buɗe ya ɗauki ɗaya, ya jujjuya,
ya ƙwanƙwasa, ya kara a kunne,
sai ya maka shi da ƙasa.
Ya ɗauki wani. Shi ma haka.
Tabawa ta dafe ƙirji:
"Wannan bai taɓa kiwon kaji ba.
Da ni ya ba, da sun samu na shan ruwa."

Na faɗa mata kuɗin ɗan kwanon shayinsa guda.
Na juya shi naira, na sake lissafi don tsoro:
zai sayi gonarmu, ya haɗa da ta maƙwabta.
Na ce hukumarsu kan kira irinsa taska mai rai.
Ba ta ce uffan ba.
Kasuwar da ta wuce, randunanta uku
a amalanke suka tafi, a amalanke suka dawo,
mai bokitan roba kuwa tun azahar ya naɗe tabarma.

"Mayar da shi baya."
Na mayar.
Ba fuskar take kallo ba.
"Tsaya nan."
Ta goge hannu a zane, ta kawo shi jikin gilashin:
babban yatsa ya karkace waje,
farce ya cinye har tsoka,
nasa da nata, kamar an auna.
Ta ce, "Ashe uwa ɗaya ta lanƙwasa mu."

Can ta tambayi wa zai gaje shi.
Na ce ɗansa na birni, aikin ofis yake.
Ta kama tafina ta juya,
sumul, ko kanta babu,
ta yi dariya har sai da tari ya sarƙe ta.

Washegari ban ji tashinta ba.
Babu faifai, babu komai,
sai tsingaro da ɗan tsumma jiƙaƙƙe.
Ta gina kwano ƙarami,
bakinsa ya ɗan zame gefe ɗaya, ta bar shi.
Bayan mako ta toya shi da kara da kashin shanu,
ta yayyafa masa makuba yana huci.
"Ka aika masa.
Ka ce in ya fasa wannan, ban yafe ba."

Ban gaya mata hoton ya tsufa ba,
ban ce a ƙarshensa, ƙarƙashin sunan,
shekaru biyu aka rubuta da ɗan layi a tsakani.

Yanzu yana kan teburina a Yalwa.
In na zuba shayi sai ya yi gumi,
ya bar zobe a kan takardun da zan sa wa hannu.
A gefensa akwai ɗan lotsi inda ta riƙe.
Kullum ina sa yatsana a wurin.
Ba ya cika shi.