Duba Kuma

Ƙarfe uku na rana a Trondheim, duhu har ya shigo,
ya zauna a kujerar Oddvar kamar an gayyace shi.
Gabana ga kundin ƙa'idojin harshen kwamfuta,
shafi ɗari shida da sha ɗaya, bugu na huɗu.
Kwamiti ya gama gardama ya watse,
ya bar mini wutsiya:
fihirisa.

Kada ka raina ta.
Ba mai karanta kundi daga farko.
Mutum kan zo ne tsakar dare, manhajarsa ta cije,
ya buɗe ta baya, ido ja,
kalma ɗaya yake nema.
Allura ce cikin ruwa,
aikina in sa ya zama mai rabo.

Alamomi sun fi cin raina.
Ina zan ajiye tauraro,
wanda a sashe na biyar ninkawa yake,
a na takwas kuwa ɗan nuni ne, yana miƙa yatsa gidan wani?
Torunn ta ce a sa shi gaban A.
Eivind ya ce ƙarƙashin sunansa.
Na sa shi duka biyu, na ja bakina.

Jiya na kama wasu biyu suna wasa da hankalin jama'a.
Ƙima: duba Daraja.
Daraja: duba Ƙima.
Shekara tara suna nan,
mai nema na kewayawa kamar akuya a turke.
Na kwance igiyar, na ba ɗaya lambar shafi.

Yau kuma injin bincike ya yi ja a layi guda.
Jira, yadda ake: duba 9.4.
Na duba.
Daga 9.3 sai 9.5, ba ko tabo.
Hunturu biyu Oddvar ya yi yana sassaƙa sashen nan,
gahawarsa na hucewa kusa da gwiwar hannunsa.
Wata huɗu bayan mun raka shi makabarta
aka kaɗa ƙuri'a, bakwai da biyu,
aka cire.
Ɗaki ya rushe, ƙofa na tsaye,
tana ta cewa baƙi su shigo.

Na san doka, ni na jera ta ƙarƙashin K.
Kwasar shara, sashe na sha biyu:
abin da ba sauran mai nuni gare shi
za a share shi, a ba wani gurbinsa.
Amma in da saura ko ɗaya,
ko siriri kamar zaren gizo,
ba a taɓa shi.

Na goge layin. Aiki aiki ne.
Ja ya koma kore, Eivind ya ɗaga babban yatsa
ya sa hularsa ya fita cikin ƙanƙara.

Sai na jawo nawa kwafin, mai kunnen shafi a lanƙwashe,
na sami O, inda fili ya ɗan rage,
na rubuta da fensir, ƙanana:
Oddvar, 9.4.
Duba kuma gahawa, mai sanyi;
jan alƙalami, yawan;
tari, kafin ya ce bai yarda ba.

Motar ƙarfe biyar ta wuce ban ji ba.
Saura P zuwa Å.