Gurbin Gwiwar Hannu

Fijon Baba ta shekara biyu ƙarƙashin dogon yaro,
a ƙofar gidanmu, Mabera,
awaki na kwana a inuwarta.
Injin lafiya lau. Fenti ma da sauransa.
Robar bakin gilashi ce ta yi furfura,
baƙin da aka san ta da shi
rana ta lashe, ta bar toka.

Ranar Sakkwato ba ta ƙyale kowa.
Ta ci jan ƙofa, ta ci shuɗin allon shago,
ina ga roba.

Na fara da man gyaɗa, shawarar maƙwabci.
Kwana uku tana sheƙi kamar goshin jariri,
ran na huɗu tururuwa suka ci kasuwa a kanta.
Ladan mai faci ya ce baƙin mai.
Na shafa, Inna ta jingina,
farin mayafinta ya tafi ke nan.

Sai na hau kabu-kabu zuwa Buzaye,
wurin Modi, wanda ya san motar tun tana budurwa.
Ya miƙo 'yar kwalba da guntun soso, ya ce,
"Wagga roba ƙishi ta ka ji.
Wanke ta dut, ka bari ta bushe.
Kak ka shafa da rana tsaka, da asuba a ka yi."

Da aka sallame salla na fito
da bokiti, sabulu, tsohon burushin haƙori.
Na bi ta lungu-lungu,
kumfa na fita ja-ja-ja,
jar ƙasar hanyar Illela, ta shekara talatin.
Na rufe gilashi da tsohuwar jarida,
na bi gefen fenti da salatif.

A ƙofar direba na tsaya.
Akwai wani wuri, bai kai tafin hannu ba,
da bai koɗe ba.
Baƙi wuluk, sumul, ya ɗan lotsa.
Nan Baba yake ɗora gwiwar hannu
daga tasha har kan iyaka,
yana ɗaga yatsu biyu ga duk motar da ta gifta.
Hannunsa ya tare wa wurin rana,
zufarsa ta shayar da shi.

Da shi na auna baƙin.
Shafa ɗaya, jira, shafa ta biyu,
soso na tafiya a hankali kamar mai lallashi,
robar tana sha, tana sha,
tokar na ja da baya.
Kafin mai koko ta kwashe kwanukanta
tagogi huɗu sun dawo da gira.

Yaran unguwa suka taru.
Wani ya ce sabuwa aka sayo.
Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Inna ta fito da butarta,
ta zagaya motar ba ta ce komai ba.
A ƙofar direba ta kai yatsa,
ta bi robar daga farko har ƙarshe,
ta sake dawowa.
"Ina wurin?" ta ce.

Na duba. Baƙi ya haɗiye baƙi.
Na gyara har na ɓatar.

Da la'asar na kira Modi,
na tambaye shi ko abin yana fita.
Ya yi dariya har da tari.
"Bazara biyu," in ji shi, "in ta daɗe.
Rana za ta amshe abinta."

Na ajiye kwalbar a saman kabad,
da saura fiye da rabi.
Motar kuwa na turo ta daga inuwa
zuwa tsakiyar fili,
ɓangaren direba yana kallon gabas.
Inna na shanya tufafi kusa da ita,
kullum sai ta leƙa.