Tsahara a Takardar Albashi

A ƙasan akwatin Baba, ƙarƙashin tsofaffin takardun kuɗin wuta,
na iske ta a ninke, gefenta duk huji,
doguwa, mai ratsin kore,
irin wadda ake jera albashin ma'aikata a kai.

Na kawo ta kusa da ido. Ba kowa.
M ta hau W, X ta danne su duka,
kamar sawun awaki a bakin rijiya.
Inna ta ce, "Ja baya. Je bakin ƙofa."
Na je, na juyo,
sai ga Tsahara, uwar da ta haife shi, tana kallona,
ita da har ta koma ga Allah
ba ta taɓa tsaya wa mai hoto ba.

Aikin dare yake yi a Yamai, can Filato,
ɗaki mai sanyin randa, don inji aka sanyaya, ba don shi ba.
In sunayen malamai da na jandarma sun gama fita,
Hamani mai gadi ya ɗora shayi na biyu,
sai ya zaro katunansa daga aljihu.

Ya hana injin sauka layi.
Buga. Tsaya nan. Sake bugawa.
Yadda marini ke mai da zane cikin baba
har shuɗi ya gaji ya zama baƙi.
Sau uku ga kallabi da ƙwayar ido,
sau biyu ga inuwar haɓa,
goshi kuwa ɗigo ne kawai, warwatse kamar gero a faifai.
Da ya zo kan askar kumatunta bai buga komai ba,
ya bar farin takarda ya faɗe ta.

Wata huɗu, in ji Inna.
Kati ɗaya ya sauya wuri, ido ya koma wajen kunne.
"Na hura gawayi da hancin surukata ya fi sau goma,"
ta faɗa, tana dariya, tana share ido da gefen mayafi.

Na ce idon hagu ya ɗara na dama tsawo.
Ta ce ba kuskure ba ne,
haka take duban wanda ya makara.

Yanzu tawada tana tafiya.
Goshin ya riga ya tafi, haɓa na bin sa a hankali.
Inda ya buga sau uku ne kaɗai
bai motsa ba.