Minti Huɗu da Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya

Ni mai shagon wanki ce a Amadora, bayan tashar jirgin ƙasa.
Hannuna ya san sabulu, bai san shaida ba.
Ranar Talata, ana yayyafi,
ina ninke zannuwan gadon wani otal,
sai ƙarar birki, sai "Kai, tsaya nan!"

Edmilson ne, ɗan Benvinda mai suyar kifi,
yaron da ke nemo mini canji in na rasa.
Ledar lemo a hannunsa.
Suka ce fuskanci bango, ya fuskanta.
Suka ce buɗe ƙafa, ya buɗe.
Leda ta yage,
lemo bakwai suka gangara,
ɗaya ya tsaya a bakin takalmin ɗan sandan
kamar shi ma yana da tambaya.

Ban san sa'ad da na ciro waya ba.
Caji saura kashi tara.
"Ke, koma ciki!"
Na ce, "Nan ƙofata ce, ni ke biyan haya."
In ka kalli hoton za ka ji muryata na rawa,
za ka ji injin wanki a bayana yana ta juyi,
ko a jikinsa.

Aurélio mai aski ya fito da kumfa a yatsu,
ya ɗaga tasa.
Wata yarinya a hawa na uku ta ɗaga tata.
Ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya matsa.
Muka tsaya dai, idanu uku na gilashi,
har gwiwar da ke danne bayan yaron
ta tuna tana da nauyi,
ta ɗan sassauta.
Kaɗan. Amma na gani.

An ce gani ya kori ji.
To, ƙofar mota ta kori gani.
Garam! Nan hotona ya ƙare:
minti huɗu da daƙiƙa goma sha ɗaya.
Sauran daren ba shi da mai ɗauka.

Na raka Benvinda ofishinsu.
Ta riƙo rigar sanyi da abin shaƙarsa na asma
ƙunshe a takardar da take naɗe kifi.
Na kan tebur ya ce a jira.
Muka jira. Benci mai sanyi, agogo mai gurguwar tafiya.
Ƙarfe ɗaya ta sake miƙawa, ya ce ba a karɓar kaya.
Ƙarfe uku ta ajiye a gabansa ta ce,
"Ba kaya ba ne, numfashinsa ne."
Ya tura shi gefe da bakin biro.

Da hantsi suka sako shi.
Takalmi ba igiya, hannu ɗaya riƙe da wando,
leɓe ya kumbura kamar tumatir ɗin da ya kwana.
Takarda ta ce ya faɗi a matakala.
Da za mu fita na ƙirga matakalar:
biyu ce.

Yanzu lauya ta karɓi hoton.
Mutanen da ban sani ba sun kalla, dubbai,
wasu na cewa jaruma, wasu na cewa mai shisshigi.
Shi kaɗai bai kalla ba.
Ya zo da yamma, ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba,
ya ce, "Dona Graciete,
kin ɗauki wurin da na kira mamata?"
Na ce na ɗauka.
Ya daɗe yana duban bangon nan.
Ya ce, "Da kin yanke."

Ban da amsa, har yau ban da ita.
Na ba shi lemonsa shida da na tsince na wanke;
na bakwai taya ta bi ta kai.

Ya daina bin layinmu, ta bayan kasuwa yake zagayawa.
Ni kuma kowace safiya,
kafin in kunna inji ko ɗaya,
waya nake fara sa wa a caji.